Yadda na bi kod ɗin wata manhajar adashi ina farautar ranakun da ke canza kansu

Akwai wata manhaja ta adashi da wata ƙungiyar 'yan kasuwa ke amfani da ita, irin wadda ake buɗewa a burauza, da React (laburaren JavaScript na zana fuskar shafi) aka rubuta ta, wanda ya fara aikin ya samu wani aikin ya tafi sai aka miƙo min ita akace in duba. Sakataren ƙungiyar ne ya kira ni yace "Malam, ranakun nan wasa suke mana, da safe ka ga mutum zai kwasa a Janairu, kafin azahar ka dawo shafin ka ga ya koma Maris, amma in ka rufe ka sake buɗewa sai komai ya dawo daidai." Wannan maganar tasa ta ƙarshe ita na riƙe, don duk abin da rufewa da buɗewa ke gyarawa to ba a databes yake ba, a cikin burauzar yake, wani abu ne a kod ɗin yake taɓa bayanan da aka riga aka ɗauko daga sabar yana canza su a inda suke zaune.

Abu na farko da nai shine in sa matsalar ta faru a gabana. Na ƙirƙiri zagaye na gwaji mai mutum 10, zubi duk Juma'a, farawa 3 ga Janairu 2025. Na shiga shafin jadawalin kwasa, komai lafiya lau, na farko 3 ga wata, na biyu 10, na uku 17, haka har ƙarshe. Na danna na koma shafin gida na sake dawowa, sai ga na farko ya zama 14 ga Maris. Na sake fita na dawo, 23 ga Mayu. Toh ka lissafa, daga 3 ga Janairu zuwa 14 ga Maris kwana 70 ne cif, daga nan zuwa 23 ga Mayu ma kwana 70, wato mutum 10 sau kwana 7. Da na ga haka tun kafin in buɗe fayil ɗin na san abin da zan tarar.

Ga shi nan kuwa a taƙaice:

const rana = zagaye.ranarFarko;
for (const mamba of mambobi) {
  jadawali.push({ suna: mamba.suna, kwasa: rana.toLocaleDateString() });
  rana.setDate(rana.getDate() + 7);
}

Wanda bai saba ba zai ce ai ba laifi anan, an ɗauki ranar farko an zuba a wani bariyabul daban mai suna rana, shi ake ta turawa gaba. Amma a JavaScript in ka rubuta alamar daidai tsakanin bariyabul da obijek ba kwafi kai ba, suna na biyu kawai ka raɗa wa abu ɗaya. Kamar allo ne guda ɗaya a tsangaya, ko almajirai goma ne suka ce nasu ne, in ɗaya ya wanke ya rubuta sabo to duk sauran sabon zasu gani don allon ɗaya ne. Shi setDate wanke allon yake ya sake rubutu, baya kawo maka wani. Ko abin da yake dawo maka da shi ma ba Date bane, lamba ce kawai ta milisakan. Saboda haka duk zagayowar luf ɗin nan ranarFarko ta asali ake turawa gaba da sati guda, in an gama a barta can, in aka sake shiga shafin a ɗora daga inda aka tsaya. Abin da ya ɓoye cutar tsawon lokaci shine ana maida ranar rubutu nan take kafin a tura ta gaba, shi yasa shigar farko take fita daidai. Da na cire toLocaleDateString ɗin don in tabbatar, sai duk mutum goman suka nuna 14 ga Maris, kowa da kowa rana ɗaya.

Kuma const ɗin da ke wajen baya hana komai fa, mutane da yawa anan suke ruɗewa. Abin da const ke hanawa shine ka ɗauke sunan ka maƙala wa wani abu daban, cikin abin kuwa kai ta juya shi yadda kake so. Na ga ma a wani wajen mai kod ɗin ya sa Object.freeze, alamar shi ma ya taɓa jin ƙanshin matsalar, amma freeze baya aiki akan Date, don lambar lokacin ba a cikin fropati na fili take ba, a wani lungu na cikin injin take wanda freeze baya kaiwa, kana iya daskarar da Date ka kira setFullYear ya canza abinsa ko gargaɗi babu.

In kana mamakin me yasa abin yake haka, tarihi ne. A 1995 Brendan Eich ya haɗa JavaScript a Netscape cikin gaggawa, aka ɗauko tsarin Date daga na Java kusan yadda yake, har da lissafin wata da ke farawa daga sifili wanda yasa Janairu take 0 Disamba take 11. Su mutanen Java tun 1997 suka sa wa yawancin waɗancan hanyoyin alamar a daina amfani da su, a 2014 kuma Java 8 ta zo da java.time wanda ranakunsa basa canzawa in an ƙirƙira. Mu kuma 'yan burauza aka barmu da tsohon, don ba a isa a canza shi ba tare da an karya miliyoyin shafuka ba.

Na san in akwai guda ɗaya to akwai 'yan uwansa, don hannun da ya rubuta wannan shi ya rubuta sauran. Sai na bar gyara tukuna na koma bincike, na sa grep, wato manhajar neman kalma a cikin fayiloli, ya zaƙulo min duk inda aka kira setDate, setMonth, setFullYear, setHours, setMinutes da setTime a kod ɗin gaba ɗaya, na kuma ga ashe akwai moment, wani laburaren lissafin rana, a ciki sai na ƙara da add, subtract, startOf da endOf. Kowanne na tsaya akansa da tambaya ɗaya, wannan ranar da ake taɓawa a ina aka haife ta? In a cikin fankshin ɗin aka yi new Date aka taɓa ta aka mayar, ba matsala, taka ce. In kuwa daga waje ta shigo, ko an miƙo ta ne ko daga sitet (bayanan da React ke riƙe wa shafi) ko daga frops (bayanan da wani ɓangaren shafi ke miƙa wa wani), to wannan kayan mutane ne ake taɓawa.

Wanda yafi ba ni haushi a cikinsu shine na rasit. Akwai ɗan fankshin da ke duba ko mutum ya zuba yau, sai ya ɗauki lokacin zubin ya kira setHours(0, 0, 0, 0) akansa don ya kwatanta da ranar yau. Kwatancen yana fita daidai, amma lokacin zubin na asali ya tafi, kowane rasit ya koma sha biyun dare. Bai tsaya nan ba, mu nan Najeriya da Nijar agogonmu yana gaban UTC, wato agogon da duniya ke auna lokaci da shi, da awa ɗaya, to sha biyun daren Juma'a a wajenmu ƙarfe 11 na daren Alhamis ne a UTC, kuma toISOString kullum da UTC yake bayarwa. Akwai inda ake yanko haruffa goman farko na wannan rubutun a ajiye a matsayin ranar zubi, kaga kenan mutum ya zuba Juma'a an rubuta masa Alhamis. Da na faɗa wa sakataren sai yace "Allah Sarki, ashe shi yasa Hajiya take ta rantsuwa ranar Juma'a ta kawo nata muna cewa kwamfuta bata ƙarya." Fankshin da sunansa ke nuna tambaya kawai yake yi, eh ko a'a, bai da hurumin canza komai, kuma irinsu sun fi wahalar kamawa don ba wanda zai zarge su.

Na moment kuma a shafin rahoton wata yake. An rubuta farko = yau.startOf('month') sannan a layi na gaba ƙarshe = yau.endOf('month'). A moment waɗannan duka canza abin suke su dawo maka da shi ɗin dai, saboda haka farko da ƙarshe da yau duk abu ɗaya ne, duk suna nuna daƙiƙar ƙarshe ta ranar ƙarshen wata, rahoton yana neman zubin da aka yi tsakanin wani lokaci da shi kansa lokacin, sai ya fito fayau ba komai. Su 'yan ƙungiyar tuni suka haƙura da wannan shafin suna haɗa lissafinsu a littafi. Maganin gargajiya shine ka sa clone() kafin kowane kira, amma ni ban yarda da maganin da ya dogara da kowa ya tuna kullum ba. Su kansu masu moment tun Satumba 2020 suka sanar cewa sun daina ƙara masa sabbin abubuwa, gyaran dole kawai, kuma wannan halin nasa na canza abu a wurinsa yana cikin dalilan da suka lissafa, suka nuna wa mutane Luxon da Day.js da date-fns.

Ɗan gargaɗi ga wanda zai cire moment ya sa Day.js don ya ga rubutunsu kusan iri ɗaya ne. Eh iri ɗaya ne a ido, amma Day.js baya canza na asali, sabo yake baka. To duk inda tsohon kod ya dogara da canzawar, misali luf ɗin while da ke cewa muddin rana bata kai ƙarshe ba a ci gaba, a cikinsa kuma an rubuta rana.add(1, 'day') shi kaɗai ba a ajiye sakamakon ba, a Day.js ranar ba zata taɓa motsawa ba, luf ɗin zai ta juyawa har burauzar ta sandare. Akwai irinsa a shafin kalanda na wannan manhajar, sai da na bi su ɗaya bayan ɗaya. Ni dai ƙarshe date-fns na ɗauka, don da Date na asali yake aiki, kowane fankshin nasa sabuwar rana yake dawowa da ita, kuma abin da ka kira kawai ake haɗawa cikin fayil ɗin da mutane zasu sauke, wanda ga mai amfani da data ta ɗari biyu ba ƙaramin abu bane.

Sai ɓangaren React, nan ne abin yafi ban dariya. Akwai maɓallin "sati na gaba", kod ɗinsa yana kiran setDate akan ranar da ke cikin sitet sannan ya miƙa wa React ita ɗin dai. React kuma da Object.is yake duba ko abu ya canza, wato yana tambaya ne shin wannan obijek ɗin daban ne da na ɗazu, baya leƙa cikinsa, sai ya ga ai shine dai, sai yai zamansa bai sake zana komai ba. Ranar ta canza a ɓoye, fuskar shafin bata sani ba. Mai kod ɗin da ya ga maɓallin baya aiki sai ya ƙirƙiri wata lamba da yake ƙara mata ɗaya duk dannawa don kawai ya tilasta React ya sake zane. Yana aiki kam, amma duk useEffect da useMemo da suka dogara da wannan ranar basu san an yi ba, shi yasa kan shafin zai nuna sabon sati jerin sunayen da ke ƙasa kuma na tsohon sati.

Wani abu da ya taimaka min sosai anan shine StrictMode, tsarin React na tono kurakurai, wanda na tarar an cire shi daga manhajar, ina zargin don yana "kawo matsala". Ba matsala yake kawowa ba, tona ta yake. In kana kan kwamfutarka kana aiki, StrictMode da gangan yake kiran kamfonent ɗinka sau biyu, haka fankshin ɗin da ka ba setState ya sabunta sitet, in kod ɗinka baya taɓa kayan waje sau biyun sakamako ɗaya zasu bayar ba zaka ma lura ba, in kuwa yana taɓawa sai ka danna sati na gaba ka ga ya tsallaka sati biyu. Ina maida shi wurare suka fara tsalle, na bi su ina gyarawa.

Konsol ma yana iya yaudararka a wannan farautar. In ka yi console.log na obijek mai ɗauke da rana a Chrome, sanda ka danna kibiyar ka buɗe shi abin da ke ciki a lokacin buɗewar zaka gani, ba na lokacin da aka buga ba. Sai ka buga kafin fankshin ka buga bayansa ka ga duk iri ɗaya ka ce ai ba a nan bane. Ni toISOString ko getTime nake bugawa, rubutu da lamba basa canzawa a bayan idonka.

Wajen yin kwafi ma akwai ramuka. Ɗigo ukun nan da ake baza obijek da su, sama-sama suke kwafa, sabon obijek ɗin da tsohon duk Date ɗaya suke riƙe da shi a ciki. In ka baza Date ɗin kansa kuma fanko zaka samu. Tsohuwar dabarar JSON.stringify a bi da JSON.parse tana raba su kam amma ranar ta koma rubutu, gaba kaɗan wani ya kira getTime akanta shafin ya faɗi. Wanda ke yi daidai shine new Date(rana.getTime()) in rana ɗaya ce, ko structuredClone in obijek ne mai zurfi, wannan tun 2022 manyan burauzoji duk suna da shi. Masu Redux Toolkit kuma kar ku ce Immer, wanda ke yi muku kwafin sitet a bayan fage, ya tsare ku, Immer baya lulluɓe Date, in ka kira setDate a cikin ridusa na asalin ka taɓa, shi Redux Toolkit ɗin ma ƙorafi yake maka a konsol in ka zuba Date a sitowa.

Wannan ƙorafin nasu shi ya kai ni ga shawarar da na yanke, wadda a ganina ita ce ainihin gyaran, sauran duk faci ne. Na fitar da Date daga sitet gaba ɗaya. Ranar da take rana ce kawai, kamar ranar farawa ko ranar kwasa, ana riƙe ta a rubuce "2025-01-03", ba awa ba minti ba ruwanta da yankin lokaci, ko mamba yana Kano ko yana Jidda rana ɗaya zai gani. Lokacin da abu ya faru kuma, kamar sanda aka karɓi zubi, ana riƙe shi a lamba ta milisakan. Rubutu da lamba a JavaScript ba mai iya canza cikinsu, kuma React yana kwatanta su da ƙimarsu, saboda haka useEffect ya dawo hayyacinsa ba tare da wata dabara ba. Duk lissafin rana na tattara shi a fayil guda, can ne kawai ake maida rubutu Date ai lissafi a sake maida shi rubutu kafin ya fito. A nan ma sai ka kula, new Date("2025-01-03") sha biyun daren UTC yake ɗauka, a wajenmu ƙarfe ɗayan dare ne na ranar 3 ba a gane komai, amma wanda ya buɗe daga Amurka ranar 2 zai gani, shi yasa na yi amfani da parseISO na date-fns da ke ɗaukarsa a agogon wurin da kake.

Adashin wata-wata shi ma ya zo da nasa. In aka fara 31 ga Janairu 2025 aka ce setMonth ya ƙara ɗaya, babu 31 ga Fabrairu, sai Date ya malala ya faɗa 3 ga Maris, Fabrairu ta ɓace daga jadawalin, kuma tunda abu ɗaya ake ta turawa duk sauran watannin sai su maƙale a ranar 3. addMonths na date-fns yana tsayawa a 28 ga Fabrairu wanda shine abin da mutum zai zata. Amma ko da shi, in kana ɗora kowane wata akan na bayansa zaka samu 28 ga Fabrairu, 28 ga Maris, 28 ga Afrilu, ka rasa ƙarshen watan har abada. Dole kowane mamba a lissafa nasa daga ranar farko, na ɗaya ranar farko da wata sifili, na biyu da wata ɗaya, na uku da wata biyu, sai ka samu 31, 28, 31, 30 yadda ya kamata. Na tambayi sakataren ko haka suke so yace eh, su dama "ƙarshen wata" suke cewa.

Don kar wani ya zo bayana ya dawo da abin, na kafa shinge biyu. A ESLint, manhajar da ke duba kod tana kama kurakurai, akwai doka mai suna no-restricted-syntax, na sa ta ta ƙi duk wani kiran setDate da danginsa akan obijek a ko'ina banda wancan fayil ɗin guda. Na biyu gwaji ne mai sauƙi, kowane fankshin na jadawali a kira shi sau biyu da kaya ɗaya a tabbatar amsar ɗaya ce, sannan a tabbatar abin da aka miƙa masa yana nan yadda yake. Ina gudanar da gwajin da TZ=Africa/Lagos sannan in sake da America/New_York, don sabar da ke gwajin a UTC take kuma a UTC matsalar awa ɗayan nan bata taɓa nuna kanta. Masu TypeScript su sani Readonly akan Date baya hana kiran setDate, sai dai ka yi naka nau'in ka cire duk sunan da ya fara da set.

Aikin da yafi cin rai ba na kod bane. Ashe in sakataren ya shiga jadawali ya fito sannan ya gyara wani abu kamar lambar wayar mamba ya danna ajiye, zagayen gaba ɗaya ake turawa sabar har da ranarFarkon da ta riga ta gusa, to wasu zagayen a databes ɗin ma sun lalace, waɗannan ko ka rufe ka buɗe basa dawowa. Na rubuta ɗan kod da ke kwatanta ranar farawa da ranar zubin farko da aka taɓa shigarwa, duk inda tazarar ta zama ninkin adadin mambobi sau 7 na ware shi, sannan muka zauna da sakataren da littafinsa na takarda muna bi muna maidawa da hannu, yana karantowa ina shigarwa.

Akwai kuma Temporal, sabon tsarin rana na JavaScript kansa, wanda Temporal.PlainDate ɗinsa shine daidai abin da na ƙirƙira da rubutu, rana zalla, in ka ce add sabo yake baka, kuma 31 ga Janairu da wata ɗaya 28 ga Fabrairu yake bayarwa. Firefox ta saka shi tun fitowa ta 139 a Mayun 2025. Ban sa shi ba tukuna don yawancin mambobin nan da tsofaffin wayoyin Android suke shiga waɗanda burauzarsu ta daɗe bata ga sabuntawa ba, kuma folifil ɗinsa, wato kod ɗin da ke sa shi aiki a tsohuwar burauza, yana da nauyi. Sanda wayoyin suka kama, fayil ɗaya ne zan buɗe in canza.